Okid marar suna: amsa ga mai tambaya daga ƙasar Tudun Wada

Tambayar ta zo ne daga wani malamin koyar da aikin gona a wata makarantar ƙauye da ke ƙasar Tudun Wada ta Jihar Kano, wanda ya ce shuke-shuke biyu ne suka shige masa duhu. Ta farko ƙaninsa ne ya sayo masa ita wurin 'yan fulawa a birni, tana cikin ƙaramar roba, ganyenta faffaɗa ne mai kauri, furenta fari, kuma babu allon suna a jikinta. Da ya nuna hotonta ga wasu masu kiwon irin waɗannan furanni sai suka ce masa "NOID Phal" ce, har ma ta fitar da "keiki", shi kuwa bai fahimci ko ɗaya daga cikin kalmomin ba. Ta biyu a jikin giginya ya gan ta ta wajen dajin Falgore, tana da kara masu gaɓa-gaɓa da fararen saiwoyi da suka miƙe sama, kuma mutanen wurin suna ce mata kauci. Yana son ya san sunan kowacce da ma'anar abin da aka faɗa masa.

Malam, ga alama shuke-shuken biyu duk okid ne, amma amsar za ta zo maka a bai-bai. Wadda ka gani a daji ana iya gano sunanta har a tabbatar da shi, amma wadda aka saya da kuɗi da wuya a sake sanin cikakken sunanta, ko da kuwa an kai ta gaban wanda ya fi kowa sanin okid a duniya. Dalilin yana cikin yadda ake raɗa wa waɗannan tsirrai suna, saboda haka daga nan ya kamata a fara.

Okid dangi ne babba a cikin tsirrai masu fure, wanda masana ke kira Orchidaceae, kuma jinsunan da Allah ya halitta a cikinsa sun kai wajen 28,000, an kasa su gida-gida sama da 700. Kowane jinsi yana da suna mai kalma biyu da Latin: ta farko sunan gida ce, ana fara ta da babban baƙi, ta biyu kuma sunan jinsin, ana rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, kamar Phalaenopsis amabilis, wadda ke fitowa a dazuzzukan Indonesiya da maƙwabtanta. Jinsi na daji yana da siffofi tabbatattu da aka rubuta, aka zana, aka kuma adana busasshen samfurinsa, don haka duk wanda ya samu furensa yana da abin da zai gwada shi da shi. Matsalar ta fara ne daga ranar da mutum ya sa hannu a barbarar okid. A 1856 ne haɗaɗɗen irin okid na farko da aka yi da gangan ya yi fure a gidan renon tsirrai na Veitch da ke Exeter a Ingila, a hannun wani ma'aikacin lambu mai suna John Dominy, aka kuma sa masa suna Calanthe Dominyi. Tun daga lokacin ba a tsaya ba, domin okid na karɓar barbara tsakanin jinsi da jinsi, har ma tsakanin gida da gida, fiye da yawancin tsirrai. Kamfanin Sander na St Albans ne ya fara tattara sunayen haɗe-haɗen a cikin kundi, daga 1961 kuma ƙungiyar masu lambu ta Ingila da aka fi sani da RHS ta karɓi aikin rajistar, kuma abin da ke cikin rajistar a yau ya haura 100,000 nesa ba kusa ba.

A nan ne kalmar "grex" ta shigo, kuma ita ce ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Idan aka haɗa shuka kaza da shuka kaza, duk 'ya'yan da suka fito daga wannan haɗin suna ɗaya suke ɗauka, shi ake kira grex, ko sun yi kama da juna ko ba su yi ba. Kamar 'ya'yan da suke uwa ɗaya uba ɗaya ne: wani fari, wani wankan tarwaɗa, wani dogo, wani gajere, amma duk gida ɗaya ake kiran su da shi, kuma kamannin fuska kaɗai ba ya isa a ce baƙon da aka gani a kasuwa ɗan gidan ne. Idan kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan ya yi fice, mai shi yakan ƙara masa suna na kansa, wanda ake rubutawa tsakanin ƙananan alamomin zance, kuma wannan sunan ba ya bin kowa sai shukar da aka ɓallo daga jikinsa kai tsaye. Ga misali na gaske da za ka iya karantawa daki-daki: Onc. Sharry Baby 'Sweet Fragrance' AM/AOS. Onc. gajarta sunan gidan Oncidium ne. Sharry Baby sunan haɗin ne, wanda aka yi wa rajista a 1983 daga iyaye biyu, Jamie Sutton da Honolulu, kuma manyan baƙaƙen da aka fara kalmomin da su ne ke nuna maka cewa ba jinsin daji ba ne. 'Sweet Fragrance' shuka guda ce da aka zaɓa daga cikin 'ya'yan, wadda ta shahara da ƙanshi irin na cakulan. Haruffan ƙarshe kuwa lambar yabo ce daga ƙungiyar masu okid ta Amurka, AOS, wadda aka kafa a 1921. Alƙalanta suna ba da HCC ga furen da ya ci maki 75 zuwa 79, AM ga mai 80 zuwa 89, FCC kuma ga wanda ya kai 90 ko ya wuce. Ka ga ke nan ɗan allon robar da ake sokawa a gefen tukunya yana ɗauke da asalin shukar tun daga kakanninta, kuma idan ya faɗi ko rana ta cinye rubutunsa, babu wani wuri a jikin shukar da aka sake rubuta wannan bayani.

NOID ba sunan wata shuka ba ne. Gajarta wata jimlar Turanci ce da ke nufin ba a san sunanta ba, kuma masu kiwon okid suna faɗin ta ba da nufin raini ba. Phal kuma gajarta Phalaenopsis ne, kamar yadda suke cewa Den. a madadin Dendrobium, Paph. a madadin Paphiopedilum. Abin da suka gaya maka ke nan shi ne sun gane gidan shukarka, amma ba su san haɗin da ta fito daga ciki ba, kuma a ganina sun yi maka adalci da suka tsaya a nan. Yawancin Phalaenopsis da ke yawo a kasuwannin duniya daga manyan gidajen reno na Taiwan da Holan suke fitowa, inda ake yanko ɗan mitsitsin tsiron shuka guda a rene shi a cikin kwalba a ɗakin gwaji har a samu dubban shuke-shuke masu halitta iri ɗaya sak. Wannan dabara ta bazu ne bayan aikin wani Bafaranshe, Georges Morel, a 1960, kuma shukar da aka samu ta haka ita ce suke kira "mericlone". Kamfanonin nan suna aiki da lambobinsu na cikin gida ko sunayen kasuwanci, da yawa daga haɗe-haɗensu ba a kai su rajista ba, kuma dillalin da ya sayi kwali ɗari ba shi da buƙatar suna tunda fure yake sayarwa. Saboda haka sau da yawa ba ɓacewa sunan ya yi a hanya ba, tun farko ne bai baro kamfanin ba.

Za ka samu masu cewa su kam sun gane ta, su ba ka suna mai daɗin ji saboda hotonka ya yi kama da wani hoto da suka gani. Kada ka rubuta wannan suna a jikinta. Fararen Phalaenopsis masu ɗan rawaya a tsakiya suna da yawa ƙwarai, akasarinsu daga kakanni ɗaya suka gangaro, bambancin da ke tsakaninsu kuma bai wuce ɗan faɗin fure ko lanƙwasar leɓe ba, alhali shuka guda ma takan sauya girman furenta da kaifin launinsa gwargwadon zafi da haske da abincin da ta samu a wannan shekarar. Manhajojin waya masu gane tsirrai daga hoto ma a nan suke tuntuɓe: sukan dace da sunan gida, sannan su laƙaba sunan haɗin da ya fi yawa a hotunan da aka koyar da su. Gwajin ƙwayoyin halitta yana iya nuna dangantaka, amma ba ya fitar da suna sai da samfurin da za a kwatanta da shi. Illar sunan zato ita ce yana yaɗuwa, domin gobe za ka ɓallo wa wani malami ɗiyar shukar tare da allon, shi ma ya ba wani, idan kuma aka yi barbara da ita to kuskuren ya shiga asalin 'ya'yanta. Abin da shukar ta rasa saboda rashin suna kaɗan ne: alƙalan gasa galibi ba sa ba ta waɗancan lambobin yabo, masu barbara kuma ba sa neman ta. Ban ga ɗaya daga cikin biyun da ya shafi mai shuka guda a ƙauye ba.

Ko masu cikakken suna ma ba su tsira daga sauyi ba, domin masana sukan sake rabon gidaje idan bincike ya nuna sabuwar dangantaka. Furen ƙasar Singafo, wanda aka sani shekara da shekaru da Vanda Miss Joaquim, yanzu Papilionanthe Miss Joaquim yake a rajista, haka kuma gidan Doritaenopsis da ake rubutawa Dtps. a tsofaffin alluna an narkar da shi cikin Phalaenopsis.

Sauran kalmomin sun fi amfani a gare ka, domin su ne suka shafi rayuwar shukar. "Keiki" kalmar mutanen Hawai ce da ke nufin yaro, kuma ana kiran ƙaramin tsiron da ke fitowa a kan sandar fure da ita. Halittarsa ɗaya da ta uwar, don haka furensa zai zo irin nata. Ka bar shi a jikinta har ya yi ganye biyu ko uku da saiwoyi biyu ko uku masu tsawon kusan santimita 5, sannan ka yanke shi da sabuwar reza tare da ɗan guntun sandar, ka dasa shi daban. Za ka kuma ji suna raba okid kashi biyu ta fuskar girma. Masu "monopodial" kara ɗaya gare su da ke ta hawa sama, ganye na fitowa dama da hagu, kuma taka tana cikinsu. Masu "sympodial" kuwa rarrafe suke yi a gefe, kowace shekara sabon toho ya fito kusa da na bara, kuma yawancinsu suna da kumburarren kara da suke tara ruwa da abinci a ciki, wanda ake kira "pseudobulb". Wannan bambanci shi ne ke gaya maka yadda za ka shayar da shuka ko da ba ka san sunanta ba: mai kumburin kara tana jure fari na ɗan lokaci, Phalaenopsis kuwa ba ta da ma'ajin ruwa sai ganyenta da saiwarta, kuma idan ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen, wurin da sabon ganye ke ɓullowa, ya ruɓar da shi, to girman wannan karan ya ƙare.

Ka ɗaga robar ka dubi saiwar da kyau. Idan ta bushe za ka gan ta fara-fara mai ɗan ƙyallin azurfa, amma da zarar ka zuba mata ruwa sai ta koma kore nan take. Farar rigar da ke lulluɓe da ita, wadda suke kira belamen, matattun ƙwayoyi ne masu tsotse ruwa da sauri, kuma wannan sauyin launi shi ne ma'aunin shayarwarka: muddin saiwar tana kore ka ƙyale ta, idan ta koma fara ka jiƙa ta sharkaf da safe, ka bar ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya. Sabuwar saiwa bakinta zagayayye ne mai santsi da sheƙi, sabuwar sandar fure kuwa bakinta a ɗan baje yake da alamar tsaguwa, kuma daga tsakanin ganye take fitowa ta nufi haske. Mutane da yawa sukan rikita su a makon farko. A daji a jikin itace wannan shuka take rayuwa, don haka ƙasar gona ko taki na shaƙe ta. Gawayi da aka farfasa aka wanke, da tsingaro, da ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka zubar da ruwansa sau da yawa, sun ishe ta. Ruwan sama ya fi na rijiyar burtsatse idan na burtsatsen yana barin farin gishiri a bakin tukunya, takin zamani kuma kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin leda ya wadatar. Abin da zai fi ba ka wahala shi ne yanayinmu, domin Phalaenopsis ta fi son zafin da bai wuce digiri 18 zuwa 30 ba, mu kuwa bazararmu takan haura 40. A watan Afrilu da Mayu ka ajiye ta a ɗaki mafi sanyi, kusa da randa, inda haske ke shigowa amma rana ba ta dukan ganyen. Da hunturu ka kare ta daga iska mai busarwa, ka riƙa share ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ko da yake sanyin dare na wannan lokacin shi ne yakan sa ta fitar da sandar fure.

Ta jikin giginyar kuwa ba kauci ba ce, idan siffar da ka bayar ta tabbata. Kauci yana huda reshe ya shiga cikin naman itacen ya sha ruwansa, shi ya sa reshen ke kumbura a wurin da ya kama, daga baya ya mutu. Okid mai hawa itace zama kawai take yi a kansa. Saiwarta a bayan ɓawo take manne, abincinta kuma daga ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye yake zuwa. Kara masu gaɓa-gaɓa a dunƙule, da siraran fararen saiwoyi da suka miƙe sama suna tare ganyen da ke faɗowa, da zama a jikin giginya, duk sun fi nuni ga Ansellia africana. An sa mata wannan suna ne saboda John Ansell, ma'aikacin lambun da ya bi ayarin Turawan da suka zo binciken kogin Neja a 1841, ya kuma same ta a tsibirin Fernando Po da yanzu ake kira Bioko. Masanin tsirrai John Lindley ne ya bayyana ta a rubuce a 1844. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kawo ta da sunan manta-uwa, sai dai sunan bai keɓanta da ita kaɗai ba, don haka ba ya isa hujja. Hujjar tana cikin fure. Na Ansellia yana fitowa da yawa a kan sanda mai rassa daga saman karan, rawaya ne ko mai ɗan kore, yawanci da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, kuma da rani aka fi ganin sa.

Idan ya fito, ga yadda za ka tabbatar da cewa okid ce kafin ma a kai ga jinsi. Ka ƙirga ɓangarorin furen za ka samu shida, uku a waje uku a ciki, ɗaya daga na cikin kuma ya bambanta da sauran a siffa, yawanci yana ƙasa, shi ake kira leɓe, kuma a kansa ƙwaro ke sauka. A tsakiya ba za ka ga siraran zaruruwa masu garin barbara irin na furen kuɓewa ko na rama ba, sai ginshiƙi guda mai kauri da ya haɗa namiji da mace. Ka sa tsinke a ƙarƙashin kan ginshiƙin ka ɗaga a hankali: wata 'yar hula za ta faɗi, wasu ƙananan dunƙule masu launin rawaya kuma su manne a bakin tsinken. Garin barbarar okid ke nan, a cure yake ba a warwatse ba, kuma wannan alama kaɗai ta isa ta raba ta da albasar kwaɗi da sauran furannin farkon damina da ake yawan ɗauka okid ne. Bayan haka ka ɗauki hoton furen ta gaba da ta gefe da ta baya, ka ajiye rula a kusa da shi, ka ɗauki na shukar gaba ɗaya da na itacen da take kai, ka rubuta wuri da kwanan wata. Ka cire fure biyu ko uku kawai, ka danne wasu a tsakanin jaridu har su bushe, ɗaya kuma ka sa shi a kwalbar sifirit domin siffarsa ta zauna. Da waɗannan sai ka nufi ma'adanar busassun tsirrai ta Jami'ar Bayero a Kano, ko ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko babbar ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, inda za a gwada su da samfuran da aka adana da kuma bayanin okid na Afirka ta Yamma da V. S. Summerhayes ya rubuta, wanda aka buga a 1968.

Ina roƙon ka kada ka ɓamɓaro ta daga itacen, kada kuma ka nuna wurin ga masu saye. Ansellia tana cikin jerin tsirran da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazana, saboda masu magani da masu ado duk suna ɗibar ta, itatuwan da take hawa kuma ana sare su. Dunƙulen da ka gani ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya kai haka, kuma ba a maye gurbinsa da yafa iri, domin irin okid gari ne mai laushi da ba shi da guzurin abinci a cikinsa, ba ya tsirowa sai ya haɗu da wani nau'in funfuna da zai ciyar da shi. Sai a 1922 ne Lewis Knudson na Jami'ar Cornell ya nuna yadda za a tsirar da shi a cikin kwalba da sukari da gishirin abinci ba tare da funfunar ba, kuma har yau aikin ɗakin gwaji ne. Ta fuskar doka ma, dukan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ta sa wa hannu, don haka fitar da na daji zuwa wata ƙasa ba tare da izini ba laifi ne, kuma dajin Falgore kansa keɓaɓɓen wuri ne na gwamnati.

Tunda kana koyar da yara, ka sa ido a ƙasa ma, domin okid ɗin yankinmu na savana da yawa ba a itace suke ba. Gidan Eulophia suna da saiwa mai kumburi da ke kwana a cikin ƙasa duk rani, kuma Eulophia cristata takan fitar da doguwar sanda mai furanni ruwan shuɗi-shuɗi da ja-ja daga ƙarshen rani zuwa ruwan farko, kafin ganyenta ya bayyana, sau da yawa a wurin da gobarar daji ta ci. Gidan Habenaria kuma a fadama da wuraren da ke riƙe danshi ake samun su da damina, furanninsu farare ko kore-kore. Da yake fure da ganyen irin su Eulophia cristata ba sa fitowa lokaci guda, sai an kafa turke a gindin shukar ranar da aka ga furen, a koma bayan wasu makonni a ɗauki hoton ganyen, a haɗa biyun a takarda ɗaya kafin a kai wa masu tantancewa.